Gandu ba gayauna: zaman matasa a gidan iyaye

A ƙasar Faransa, saurayin da ya girma ya ƙi barin gidan iyayensa ana ce masa "Tanguy". Sunan ya samo asali daga wani fim na Étienne Chatiliez da ya fito a 2001, labarin wani ɗan shekara 28 mai ilimi da samun kuɗi, wanda iyayensa suka rasa dabarar da za su fitar da shi daga gida. Hausa ma tana da nata sunayen na zambo: ci-ma-zaune, mai zaman kashe wando, tuzuru. Amma wanda ya dubi kalmomin nan da idon mai nazarin harshe zai lura da wani abu. Ci-ma-zaune laifinsa cin abin da bai yi wa gumi ba. Mai zaman kashe wando laifinsa rashin abin yi. Tuzuru kuwa aure ne ya yi masa nisa. A cikinsu babu wadda take zargin mutum saboda ɗakin da yake kwana na cikin gidan mahaifinsa ne. Harshen bai tanadi kalmar wannan zargi ba, domin al'ummar da ta gina shi ba ta ɗauki zaman a matsayin aibi ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga muhawarar da ake yi yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa kan matasan da suka gama karatu suna zaune gida. Sau da yawa ana aro ma'aunin Turai a auna su da shi, a ce balaga ita ce kama ɗakin haya. A ƙasar Hausa kuwa mutum yana iya yin aure, ya haifi ƴaƴa, a kira shi magidanci, alhali sashensa yana cikin katangar gidan ubansa kuma tukunyarsu ɗaya. Kalmar gida kanta tana nufin gini, tana kuma nufin mutanen da ke cikinsa. Abin da ya lalace a wannan zamani shi ne yarjejeniyar da ta riƙe zaman, kuma sunan wannan yarjejeniya gandu.

Gandu tsari ne da uba da ƴaƴansa maza, ko wa da ƙannensa, suke noma gona ɗaya su zuba amfanin a rumbu ɗaya. Polly Hill ta yi bayaninsa filla-filla a littafinta na 1972 kan Ɓatagarawa kusa da Katsina, Claude Raynaut kuma ya yi nazarinsa a ƙauyukan Maraɗi. Abin da ya fito fili a ayyukan nan shi ne nauyi yana kan ɓangarori biyu. Ɗa yana ba da ƙarfinsa a gonar gandu, daga safe zuwa azahar ko a wasu ranakun mako, gwargwadon al'adar wuri. Uba kuma wajibinsa ne ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya ɗauki nauyin aurensa na fari. Sama da duka, wajibi ne ya yanka masa gayauna, ko gamana kamar yadda ake faɗi a ƙasar Maraɗi: ƴar gonar da ɗan zai noma a lokacinsa, abin da ya girbe kuma nasa ne, ya sayar ko ya ajiye ba tare da neman izini ba. Matan gida su ma suna da tasu. A gayauna ne saurayi yake koyon lissafin kansa, yake tara abin sayen akuya ko jarin cin rani. Idan uba ya gaza sauke nauyinsa, ɗa yana da hujjar fita daga gandu, kuma gari ya san dalili.

Abubuwa biyu suka karya wannan tsari. Na farko yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 1988 miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuma miliyan 17, kusan rabinsu ƴan ƙasa da shekara 15. Gona ba ta haihuwa. A kudancin jihohin Maraɗi da Damagaram, inda jama'a ta fi cunkoso, gado ya yi ta rarraba filaye har uba ya wayi gari ba shi da abin da zai yanka wa ɗansa. Na biyu alƙawarin boko. A shekarun farko bayan samun ƴancin kai a 1960, wanda ya yi nisa a karatu yana da tabbacin aikin gwamnati, sai iyaye suka ɗauki makaranta a matsayin sabuwar gona. Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 sun toshe wannan ƙofa, karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ƙara tsananta rayuwa, yawan ɗalibai kuma bai daina hauhawa ba. Jami'ar Yamai ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Faɗaɗa ilimi abin yabo ne, sai dai wuraren aiki ba su faɗaɗa tare da shi ba. Mai lisans ko masta yakan yi bautar ƙasa ta shekara biyu, ta ƙare, ya koma ɗakin da ya bari.

Abin da ya rage a gidaje da yawa na birni gandu ne wanda babu gayauna a cikinsa. Saurayi yana ci daga tukunyar gida, ana aikensa biyan kuɗin wuta, yana kai mahaifiya asibiti, yana koya wa ƙanne darasi da dare. Aiki ne na gaske, amma ba a lissafa shi, ba shi kuma da wani abu nasa na kansa da zai juya. Kuɗin sabulu da na katin waya sai ya roƙa. Nan ma harshe yana da abin faɗi. A Hausa yaro ba shekaru kaɗai yake nunawa ba, yana nuna matsayi: mai furfura yana iya zama yaron Alhaji muddin a hannunsa yake ci. Saboda haka ɗan shekara 30 da bai yi aure ba, bai kuma riƙe ko dala tasa ba, yaro ne a taron dangi, ba a neman shawararsa ko da ya fi kowa karatu. Ba abin mamaki ba ne da irin waɗannan samari suka mayar da fada gidansu na biyu. Adeline Masquelier, wadda ta wallafa littafi kan fada a Nijar a 2019, ta nuna cewa zaman shayin da manya ke gani ɓata lokaci wuri ne da matasa ke samar wa kansu muƙami da ƙa'ida da mutuncin da gida ya hana su.

Ya kamata kuma a tambayi wane ne yake biyan kuɗin wannan zama. A baki ana cewa maigida ne ke ciyarwa. A aikace, a gidaje masu yawa, fanshon uba ko cinikinsa yana ƙarewa a hatsi da haya, sauran kuma daga ɗakin uwa yake fitowa: ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli da ƙanƙara, da adashin da take zubawa duk mako. Ita ce ake zuwa wa a ɓoye, ita ce kuma ke rufa asiri. Ƴa mace da ta gama karatu tana zaune gida tana fuskantar wani matsin na daban. Ba a ce mata ci-ma-zaune, domin aikin gida a kanta yake daga asuba, amma kowace gaisuwa tana ƙarewa da tambayar miji, kamar dai takardar da ta sha wahalar samu ba ta da wata fassara sai jiran aure.

Dogaron bai tsaya a hanya ɗaya ba. Ranar da ɗaya daga cikin ƴaƴa ya sami albashi, ƙibiyar takan juya. Asusun CNSS da fanshon gwamnati suna rufe ƴan tsirarun da suka yi aikin albashi. Manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, fanshonsu ƴaƴansu ne. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sefa 30,047 fiye da shekara goma kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Malamin kwantaragi da aka tura ƙauye, wanda ɗan abin da yake samu yakan yi jinkiri, shi ake jira da kuɗin magani da na makarantar ƙanne da na suna da biki. Ɗan cin rani a Kano ko Abijan ko Libiya haka yake. Ciyar da iyaye wajibi ne a addini da al'ada, babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Amma wanda ya kwashe shekarun ƙarfinsa yana toshe ramuka bai ajiye komai ba, zai tsufa ya jingina da nasa ƴaƴan, su ma su gaji hali ɗaya. Ta haka talauci yake bin zuriya, kowa yana taimakon kowa kuma babu mai tashi.

Akwai masu cewa duk wannan neman uzuri ne, matasan yau raini gare su, sun fi son zaman inuwa da riƙe takarda a kan su koyi walda ko ɗinki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ana samun mai digirin da yake ƙyamar kabu-kabu ko tebur, yana kuma karɓar kuɗin shayi daga hannun uwar da ke tsugune gaban kasko. Wannan abin kunya ne, kuma sunan ci-ma-zaune ya dace da shi. Sai dai koyon sana'a yana buƙatar ubangida da lokaci, buɗe shago yana buƙatar jari, babur kuwa ba a ba da shi kyauta. Iyayen da suka shekara 15 suna gaya wa yaro cewa alƙalami ya fi fartanya suna da kaso a cikin rainin da suke kuka da shi. Wasu kuma suna ganin magani shi ne kowa ya fita ya kama haya. A garin da kuɗin ɗaki ɗaya ke cinye babban rabon ƙaramin albashi, raba tukunya biyu ƙara wa kowa talauci ne, ga kuma tsofaffin da za a bari ba mai kula.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a dawo da gayauna cikin sabuwar siffa. Gidan da ya iya sayen akwatunan aure da kayan ɗaki na gasa ya iya ware wani abu ya zama jarin ɗa ko ƴa tun kafin maganar aure ta taso. Zaure yana iya zama shago, tumaki biyu suna iya zama mafari, zubi ɗaya na adashi yana iya zama keken ɗinki. Sharaɗin shi ne wanda kakanni suka sani: abin da ya fito daga gayauna na mai ita ne, ba a miƙa masa hannu sai rabon da aka yi magana a kansa. Haka ma ɗan da ya fara ɗaukar albashi, a zauna da shi a yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata, sauran ya san nasa ne ya yi tanadi. Abin da ke hana wannan zama kunya ce, domin maganar kuɗi tsakanin uba da ɗa tana da nauyi a bakin Bahaushe, musamman ɗan fari da ko sunansa ba a kira. Al'ada ta tanadi mafita: kawu da baffa da gwaggo suna nan don isar da saƙon da baki biyu suka kasa faɗa wa juna. Hukuma ma tana da nata rabon. Biyan tallafin ɗalibai da haƙƙin ƴan kwantaragi a kan kari, da ɗaukar aiki ta jarrabawar da kowa ya yarda da ita, suna rage yawan hannayen da ke komawa aljihun tsofaffi.

Ga ɗaliban kimiyyar harshe akwai aiki a nan. Kalmomin da ake jifan matasa da su an ƙera su ne a zamanin da gona take jiran duk mai son noma, don haka zaman banza zaɓi ne. Yau ana amfani da kalma ɗaya a rufe malalaci da wanda ya ajiye takardun neman aiki a ofis goma, da kuma wanda yake ɗauke da rabin hidimar gida ba lada. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin mutanen Gobir da Adar da Damagaram da Arewa, da bin yadda ma'anarsu ta sauya tsakanin tsara da tsara, bincike ne da ya cancanci kundin masta. Kafin a kammala shi, maigidan da ke shirin kiran ɗansa ci-ma-zaune yana da tambayar da zai fara yi wa kansa, ita ce ko ya taɓa yanka masa gayauna.