Alhaji, a bar motar nan haka

Ranar Talatar da ta wuce na kai motata wanki a wani wuri da ke kan hanyar Kano, nan cikin Daura, sai na tarar gardama ta kaure tsakanin wani dattijo da yaron da ke wanke masa mota. Baƙar Toyota Camry ce, sai ɗaukar ido take yi. Alhajin ya ce wata huɗu ke nan da aka yi mata shafen siramik a Kano, kuma abin da ya biya ya isa ya sayi ragon layya na gani na faɗa a kasuwar Mai'adua. Yaron kuwa yana riƙe da gwangwanin folish da soso, yana ta cewa, "Baba, ka bari in shafa mata, wallahi sai ka ga fuskarka a jikinta." Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai da kake rubutu a jarida, me ka gani?" Na ce, "Alhaji, a bar ta haka." Kafin in kawo dalili aka kira la'asar, muka watse. Bashin bayanin ne na zo biya yau.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A can sama akwai wata fata marar launi da ake fesawa a ƙarshe, ita ce ke ba da ƙyalli, kuma kaurinta bai kai na silin gashin kai ba. Siramik ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, wanda ke cikin yashi da gilashi. In aka shafa shi a kan wannan fata sai ya kama ta, ya bushe, ya zama wani siririn sulke mai santsi, kaurin maikiron 1 ko 2, wato kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na milimita. Amfaninsa duka a santsin nan yake. Ruwa ba ya kwanciya a kansa, dunƙulewa yake yi ya gangara da datti. Mai kyau, in an kula da shi, yana yin shekara 2 zuwa 5.

To, ina matsalar folish? Matsalar ta fara daga sunan. Mu nan abu biyu muke kira folish. Akwai kaki, wanda mafi shahararsa ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya mai suna karnauba a arewa maso gabashin Burazil. Shi shimfiɗa kawai yake yi a saman fenti. Akwai kuma man kankara, mai ɗauke da gari mai laushi da ke cin saman fenti kaɗan-kaɗan don ya shafe zane. Da yawa daga gwangwanayen da ke kasuwa haɗin biyun ne. Yaron da ke riƙe da gwangwanin ba a taɓa gaya masa wannan bambanci ba, kuma ba laifinsa ba ne. Idan mai kankarar ne ya murza a kan sulken da kaurinsa bai wuce maikiron 2 ba, musamman da inji, to a yini ɗaya zai iya kankare abin da Alhaji ya biya kuɗin rago a kansa. Motar za ta yi ƙyalli, kowa ya yaba, alhali garin gyaran gira an rasa ido.

Tsantsar kaki, gaskiya, ba ya cin siramik. Sai dai bai da wurin kamawa, domin an yi siramik ne musamman don kada wani abu ya manne masa. Ɗan abin da ya zauna kuma ya rufe santsin da aka saya, ya maye gurbinsa da maiƙo. A ƙasashen sanyi wannan ƙaramar asara ce. A Daura ba haka ba ne. A watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa, saman baƙar motar da ta wuni a rana kuma yana iya wuce 70. Karnauba zalla sai wajen digiri 82 take narkewa, amma wadda ke cikin gwangwani an gauraya ta da mai don ta shafu, saboda haka tun kafin nan ta yi laushi. Sai ka haɗa wannan da ƙurar hunturu da iska ke kwaso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tun daga Nuwamba har Maris, ga jar ƙasar hanyoyin ƙauyukan Baure da Sandamu da Zango. Laushin kaki da ƙura aminan juna ne. Motar da a da ruwa kaɗai zai wanke ta, yanzu sai an dirje.

Dirzar nan ita ce abin da ya fi damuna, fiye da folish ɗin ma. Kowace safiya a unguwanninmu za ka ga direba ko yaron gida da busasshen tsumma yana kaɗe mota, sannan ya bi ta da guga. Muna ganin tsafta ce. Amma ƙurar nan cike take da ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi fenti tauri, ya fi siramik ɗin ma. Kada lambar 9H da ake bugawa a kwali ta ruɗe ka. Ma'aunin taurin fensir ne, ba na dutse ba. Ka tsayar da kowace baƙar mota a rana tsaka ka dubi murfin injinta, za ka ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Tsumma ne ya yi shi, safiya bayan safiya. Mai motar da ya ga haka sai ya ce a sa folish, folish ya cike zanen na mako biyu ko uku, ya wanke, zanen ya dawo, a ƙara. Haka ake ta yi har fatar saman ta ƙare, rufin mota ya fara yin fari-fari kamar mai makero, a ɗora wa rana laifi.

Ga kuma omo. An yi shi ne don ya fitar da maiƙo daga tufafi, yana da kaifi, kuma in garin bai gama narkewa ba shi ma yana karce. Ga ruwan bohol mai gishiri-gishiri, wanda in ya bushe a jikin mota da rana yake barin fararen ɗigo masu wuyar fita. A nan siramik ma yana da rauni, tunda ruwan dunƙulewa yake yi, kowane ɗigo ya bushe a inda yake. Shi ya sa wanki da tsakar rana ba alheri ba ne. Inuwar bedi, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, tana taimako, amma a lura da kashin tsuntsu. In ya kwana biyu a rana yana barin tabo ko da siramik.

Don haka kuɗin gwangwanin nan, Alhaji, ka sayi sabulun ruwa na mota marar kaifi, da tawul mai laushi na maikirofaiba guda uku, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. A fara kwarara ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa jikin motar. In bayan wasu watanni ka ga ruwa ya daina dunƙulewa, sau da yawa datti ne ya toshe saman, wanki mai kyau zai farfaɗo da shi. Akwai kuma feshin silika da aka yi don ƙara wa siramik ƙarfi. Ka tambayi wanda ya yi maka aikin sunan abin da ya shafa da wanda ya dace da shi. Wanda ya kasa gaya maka sunan, ka yi shakkar abin da ya sayar maka, domin ba duk kwalbar da aka rubuta wa siramik ce ke shekara ba.

Kaki yana da gurbinsa. Tsohuwar Golf ko Corolla 'yar Kwatano da ba a taɓa yi wa siramik ba tana amfana da shi ƙwarai, in dai za a sabunta duk wata biyu ko uku.

Yaron nan kuma ban so ya tashi a tutar babu. Folish shi ne ɗan abin da yake samu a kan kuɗin wanki, kuma samari da yawa a garin nan da wannan sana'a suke ciyar da iyayensu. Da na koma ɗaukar motata na ce masa, "Ƙanena, ka koyi wankin mota mai siramik, ka sa masa farashinsa daban." Masu irin motocin nan suna ƙaruwa a Daura, kuma wanda ya biya kuɗin rago ba zai ƙi ƙara wani abu ga wanda ya san yadda zai tsare masa shi ba. Ya tambaye ni inda ake samun tawul ɗin. Na yi masa alkawarin guda biyu in na dawo daga Kano ranar Asabar.