A Ina Rumbun Bayanai Ke Ajiye Kayansa?

Akwai wata tambaya da nakan yi wa duk ɗalibin da ya zo yana murna ya nuna mini rumbun bayanan da ya gina a kwamfuta, irin wanda ke ɗauke da sunayen 'yan aji da makin jarrabawarsu. Nakan ce masa, "Madalla. To, waɗannan sunaye da ka shigar, a ina suke kwance a cikin na'urar?" Galibi sai ya ɗora yatsa a kan allo ya ce ga su nan. Alhali allo taga ce kawai da ake leƙen kaya ta cikinta. Ban ga laifin ɗalibin ba, domin an koya masa kafa jadawali da tambayar rumbu cikin harshen SQL, amma ba wanda ya taɓa kai shi ƙofar ma'ajiyar. A ganina wannan giɓi ne babba a koyarwarmu, kuma darasi ɗaya ya isa ya cike shi.

Da gangan aka ɓoye ma'ajiyar, kuma da dalili mai kyau. A shekarar 1970 wani masanin lissafi, Edgar F. Codd, da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa maƙalar da ta zama tushen rumbunan da ake amfani da su yau. Kafin nan, mai rubuta manhaja sai ya san yadda aka jera bayanai a faifai kafin ya iya ɗebo su, kuma da zarar an sauya jerin, manhajarsa ta lalace. Codd ya ce a raba aikin biyu: mai tambaya ya faɗi abin da yake so, nemo shi kuwa ya zama nauyin na'ura. Daga nan aka sami manhajojin da ake kira uwar garken rumbu, irin su MySQL da PostgreSQL da SQL Server, waɗanda ke zaune a faɗake suna karɓar buƙatu, su kaɗai ke buɗe fayilolin su rufe.

Wannan sauƙi na mai tambaya ne. Mai tsaron rumbu ba shi da wannan uzuri. A babban kamfani mutanen biyu daban suke, amma a makarantar sakandare malami ɗaya ne ke shigar da maki, shi ne kuma za a nema ranar da kwamfutar ta ƙi tashi. A ranar, mai gyara zai kwashe abin da ya gani a Documents da Desktop, ya goge faifan, ya zuba sabon Windows. Sakamakon zango uku yana can cikin wata folda da bai ko gani ba, domin MySQL a kan Windows yakan ajiye kayansa ne a ƙarƙashin C:\ProgramData, wadda a ɓoye take sai an nemi a nuna ta.

To, yaya ake gano wurin? Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a laluba faifai da sunan rumbun, kuma ita ce mafi rauni, don a PostgreSQL ba za ka ga sunan ba ko kaɗan. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, saboda haka a tambayi ita uwar garken. A MySQL, da 'yar uwarta MariaDB, ana rubuta SELECT @@datadir. Sai amsa ta fito. A PostgreSQL kuwa SHOW data_directory. Ake rubutawa, amma sai mai izini na musamman ake ba amsa. A SQL Server ana duba sys.master_files, inda ginshiƙin physical_name ke nuna mazaunin kowane fayil: mai ƙarewa da .mdf na bayanai ne, mai ƙarewa da .ldf na tarihin canje-canje ne.

Wani zai ce ai sai a haddace wuraren da aka saba: /var/lib/mysql a kan Linux, ko C:\xampp\mysql\data ga masu koyo da XAMPP, ko /var/lib/postgresql a kan Ubuntu. Sanin su yana da amfani, musamman idan uwar garken ta ƙi tashi har ba halin tambayarta. A irin wannan hali sai a buɗe fayil ɗin saiti, wato my.ini ko my.cnf, a nemi layin datadir. Sai dai hadda takan yaudari mutum. Wanda ya kafa manhajar yana iya mayar da ma'ajiyar wani faifai, kuma sau da yawa akan sami tsohon zubi da sabo a kwamfuta guda, kowanne da foldarsa. Uwar garken da ke aiki a yanzu ita ta san fayilolin da ke hannunta.

Abin da ake tararwa a ciki shi kansa darasi ne. A PostgreSQL akwai folda mai suna base, cikinta foldoji masu lambobi, kowace lamba rumbu guda. Jadawalin ɗalibai ma fayil ne mai lamba, ana gano shi da pg_relation_filepath. An yanka fayil ɗin shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 8, idan kuma ya kai gigabayit 1 sai a buɗe wani ya ci gaba. A MySQL kowane rumbu yana da folda mai sunansa, jadawalai suna cikin fayiloli masu ƙarewa da .ibd, shafinsu kilobayit 16. Ɗalibin da ya ga fayil ya ƙara girma bayan ya zuba layuka dubu goma ya fahimci cewa bayanai abu ne mai cin wuri, fahimtar da zanen allo ba ya bayarwa.

Na san abin da wasu malamai ke tsoro, kuma tsoron nasu yana da tushe. Suna cewa idan ka nuna wa yaro ƙofar rumbu, gobe zai shiga ya yi ɓarna. Tarihi ma yana goyon bayansu. A PostgreSQL akwai folda da a da ake kira pg_xlog, inda ake fara rubuta kowane canji kafin a shigar da shi cikin ainihin fayiloli, domin idan wuta ta ɗauke a iya farfaɗo da aikin. Mutane da yawa, idan faifansu ya cika, sukan ɗauka tarkacen rahotanni ne su goge ta, rumbu ya lalace. Abin ya yi yawa har a zubi na 10, a shekarar 2017, aka sauya mata suna zuwa pg_wal. Amma a lura da kyau: waɗannan mutane sun iso foldar da kansu, ba wanda ya kai su. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu mece ce. Ɓoye musu wurin bai kare komai ba.

Haka batun kwafi yake. Wanda ya gano foldar yakan ɗauka jan ta zuwa filasha ya isa ajiya. Idan uwar garken tana aiki, wasu canje-canjen suna cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ba su sauka faifai ba, wasu fayilolin kuma suna sauyawa ana tsakiyar kwafe su. Abin da za a samu yana iya ƙin buɗuwa ranar buƙata. Ko dai a tsayar da uwar garken tukuna a kwafe foldar ɗungurungum, ko a yi amfani da mysqldump ko pg_dump, waɗanda don wannan aiki aka yi su.

Ko ƙwararru sukan yi tuntuɓe a nan. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya yi nufin share foldar bayanai a na'urar ko-ta-kwana, ashe a kan babbar na'urar yake. Kafin ya ankara kusan gigabayit 300 sun tafi. Da aka waiwayi kwafin pg_dump sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki, saboda zubinsa bai dace da na uwar garken ba. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan awoyi kuwa ya salwanta. Kamfanin da kansa ya bayyana wa duniya yadda abin ya faru. Injiniyan ya san sunan foldar sarai. Na'urar ce ya kuskure. Ke nan tambayar tamu kashi biyu ce: a wace na'ura, kuma a wace folda?

Shawarata ga malamai ita ce a ware darasi guda, a kan kwamfutar gwaji wadda ba ta ɗauke da sakamakon kowa. Kowane ɗalibi ya tambayi uwar garke mazauninta, ya je ya duba da ido ba tare da ya taɓa komai ba, ya rubuta sunan na'urar da na foldar a littafinsa. Sannan ya fitar da kwafi da mysqldump, ya kai shi kwamfutar abokinsa, ya zuba, su ƙirga layukan tare su ga ko sun cika. Malamin kuma ya rubuta amsar da kwamfutar ofis ta ba shi a takarda, ya manna a jikinta, inda mai gyara zai gani kafin ya taɓa faifan.