RA'AYINMU: DIGIRI NA UKU A BAKIN GONA

Ɗaliban ilmin halittu da ke shirin neman digiri na uku sukan yi tambaya ɗaya: in an gama, ina aikin yake? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta na nan a gonakin Gaya da Ajingi.

A shekarar 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, ta lalata gyaɗar Arewa, abin da ya ƙara durƙusar da cinikin da ya ɗaukaka sunan Kano. A 2016 tsutsar masara ta shigo Nijeriya, a shekarar ce kuma wata tsutsar ta cinye tumatir a jihar nan. Ga wuta-wuta da ke shaƙe gero da dawa, ga kuma kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Ba a gane kan irin waɗannan matsaloli daga ofis. Sai masani ya yi damina da rani yana ƙirga ƙwari, yana auna ɓarna, yana sauraron manoma.

Wuraren koyo ba su yi nisa ba. Akwai Jami'ar Aliko Ɗangote a Wudil, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda a 2019 ta fitar da irin wake mai jure tsutsar da ke huda kwanso.

Sai dai kada a ruɗi kowa. Karatun yakan ci shekara uku zuwa biyar, kujerun koyarwa kaɗan ne, kuɗin bincike kuwa sai an yi fama. Saboda haka muna ba ɗalibi shawara ya zaɓi malami mai bincike a hannu, ya tabbatar da mai biyan kuɗin zirga-zirgarsa kafin ya fara, ya kuma ƙware a lissafin ƙididdiga, domin da shi zai sami shiga cibiyoyin bincike da ƙungiyoyin raya karkara.

Muna kuma kira ga Ma'aikatar Gona da hukumar KNARDA su keɓe guraben aiki ga irin waɗannan masana, ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuma su ba da filayen gwaji da masauki. Rigakafi ya fi magani. Kafin wata annoba ta sake faɗa wa gonakinmu, ya kamata a ce masu gano ta tun tana ƙarama suna bakin aiki.