Ƙafa-uku ta ɗaukar hoto: rashin nauyi kaɗai bai isa ba

Malamai da dama yanzu suna ɗaukar darasi da salula su tura wa ɗalibai ta WhatsApp, musamman ƴan ajin BEPC. Iyaye ma suna saya wa ƴaƴansu kayan hoto don su koyi sana'a. Dukansu suna buƙatar ƙafa-uku, wato abin da ake ɗora salula ko kyamara a kai. Mai shago zai ce ka ɗauki wadda ta fi rashin nauyi. A ganina wannan rabin shawara ce.

Ta roba da ba ta kai rabin kilo ba, iskar hunturu na iya kifar da ita, kuma gyaran fasasshen gilashin salula yakan fi ta tsada. Ta alminiyom mai kilo 1 zuwa 1,5, wadda in an naɗe ba ta wuce santimita 45 ba, tana shiga jaka ta hau kabu-kabu lafiya.

Kafin ka biya, ka buɗe ta a shagon. Tsawonta ya kai tsakiyar allo ba tare da an ɗaga sandar tsakiya ba, domin ɗaga ta ke sa hoto rawa. Ƙafa mai gaɓa huɗu yawanci ta fi mai biyar ƙarfi. Ka nemi ƙugiya a ƙasa, inda za ka rataya jaka ta danne ta. Ka tabbata akwai maƙalin salula, don sukurin da ke kanta na kyamara ne.

Araha ba ta ado. In kuɗi sun gaza, malaman lakwal ɗaya su haɗa hannu su sayi mai kyau guda, su riƙa karɓa-karɓa.