KURI'ARKU ITA CE GADON 'YA'YANKU

Jama'ar Tambuwal da Kebbe! Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, don maganar ta kowa ce.

Kafin in shiga aikin jam'iyya ni malamin makaranta ne. Wata rana na tambayi 'yan ajina abin da kowa ke son zama. Wannan ya ce likita, wancan ya ce injiniyan ruwa, wata yarinya ta ce ungozoma, don kada mata su riƙa mutuwa a hanyar asibiti. To, yau ina suke? Wasu na cin rani a Ikko, wasu sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya, iyayensu na nan na jiran labari.

Ku sani, kusan rabin mutanen Afirka ba su kai shekara 20 ba. Abin da yaron Dogon Daji ko na Kuchi ke so, shi na Maradi ke so, shi na Gana ke so: makaranta mai malami, sana'a mai riba, da barci cikin kwanciyar hankali. A 2019, a Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen Afirka. Madalla. Amma albasa da shinkafar fadamarmu, ta yaya za su kai wata ƙasa in babu hanyar mota daga gona zuwa kasuwa?

Kada wani ya ce muku yaro ba ya iya riƙon jama'a. Muhammadu Bello yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tsaya wa mahaifinsa Shehu a 1804. Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu, malamin makaranta ne, yana da shekara 29 aka zaɓe shi majalisar tarayya a 1954. Kuma tun 2018 doka ta yarda ɗan shekara 25 ya tsaya takarar majalisar jiha ko ta wakilai.

Samari da 'yan mata, duk wanda ya cika 18 ya je ya yanki kati. Kada ku yarda a ba ku gora da ƙwaya ku yi wa wani banga, nasa 'ya'yan suna makaranta.

Iyaye maza da mata, sabulu wanki ɗaya ne, gishiri miya ce ta 'yan kwanaki, amma kuri'a shekara huɗu ce cur. Duk ɗan takarar da ya zo, har namu, ku zaunar da shi ku tambaye shi: ina malamai, ina taki da injin ban ruwa, ina tsaron ƙauyukanmu? In ya kasa amsa, kun san abin yi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar zaɓe a yi sammako, a tsaya har a ƙirga. Allah shi ba mu sa'a, amin.