Dillali, kada ka sayar da gudu

To jama'ar kasuwa, ga ra'ayinmu kan manyan baburan gudu. Suzuki Hayabusa ya fito a 1999, ya haura kilomita 300 cikin awa. Daga 2001 kamfanonin Japan suka tsaya kan 299. Dillalin da ya ce nasa ya fi kowa gudu, la'ada yake nema.

Yamaha R1 ba nauyi, amma don filin tsere aka ƙera shi, awa guda a kansa baya ya ƙage. Hayabusa ya fi nauyi, ya fi daɗin doguwar tafiya. Mu shi muka zaɓa wa titi.

Kafin a sallama, a duba birki, taya da takardu, a san inda kayan gyara suke. Rai za a ɗora a kai. Allah ya ba da kasuwa.