Satifiket Ba Ya Kama Zomo

Kwanakin baya a kasuwar Talata Mafara, a rumfar wani mai sayar da maganin dabbobi, na tarar gardama ta kaure tsakanin mutum biyu. Ɗaya saurayi ne wanda ya je Kudu ya yi kwas na 'yan makonni a kan horar da karnuka, ya komo da satifiket mai hatimi. Ɗayan kuwa dattijo ne mafarauci daga yankin Maradun, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Abin da ya haɗa su shi ne, wani attajiri yana neman wanda zai horar masa da karnukan gadi a gonarsa ta noman rani da ke Bakalori, kowannensu kuma yana ganin shi ya cancanta. Saurayin ya ce, “Baba, zamani ya wuce aikin gargajiya, yanzu takarda ke magana.” Dattijon ya ce, “Yaro, a kawo 'yan kwikwiyo biyu uwa ɗaya, a ba ka ɗaya a ba ni ɗaya, mu gamu a nan bayan wata shida.” Jama'a suka yi dariya, aka watse. Ni kuwa na koma gida ina juya maganar, domin na ga kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya, yana kuma ƙin karɓar rabin da ke hannun ɗan'uwansa.

Watakila mai karatu ya ce ƙasa tana fama da manyan matsaloli, ina ruwan jarida da batun kare? To, ai waɗannan manyan matsalolin su suka ɗaga darajarsa. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Zamfara, kuma a garuruwa da yawa na Mafara da Bakura da Maradun haushin kare shi ne gargaɗin farko da mutane kan samu da tsakar dare. 'Yan mintocin nan da yake bayarwa sun isa mace ta goya ɗanta ta nemi mafaka. Saboda haka gidajen da ba su taɓa ajiye kare ba yanzu sun ajiye, masu hali kuma suna sayo na ƙasashen waje da kuɗi masu yawa. Karen da aka yi wa mugun horo kuwa, ko dai ya yi ta haushi a kan kowace akuya har a daina kula shi, ko ya afka wa yaron maƙwabta. Don haka tambayar wa ya isa a danƙa masa horon kare ta zama tambayar tsaron rai.

Bari mu fara ba dattijo haƙƙinsa. Wanda ya taɓa bin 'yan farauta da rani ya san abin da ke hannunsu ilmi ne sosai, ko da ba a rubuta shi a littafi ba. Mafarauci yakan zaɓi kwikwiyo tun yana shan nono, ya dubi ƙirjinsa da ƙafafunsa da yadda yake ture 'yan'uwansa. Yakan raɗa masa suna, ya ciyar da shi da hannunsa har ya san muryarsa a cikin muryoyi ɗari. In ya tasa sai ya haɗa shi da tsohon kare, ya koyi bin sawu da shinshina iska. A hankali yake sabar masa da ƙarar ƙaho da ganga da bindiga, ya hana shi bin kaji da awakin gari, ya koya masa ya kama zomo ko gafiya ya riƙe har ubangidansa ya iso. Daga motsin kunne da wutsiya yakan gane kare ya ji tsoro, ko ya gaji, ko yana shirin cizo. Babu ajin da zai koya wa mutum wannan cikin mako huɗu, sai shekaru na zama da dabba, da kuskure, da gyara.

Hasali ma, shari'armu ta riga kowa tsara jarrabawar wannan sana'a. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma duk almajirin da ya karanta babin farauta a Risala ya san ana bambanta karen da aka koyar da wanda ba a koyar ba. Da malaman Malikiyya suka zo bayanin yadda ake gane koyayyen kare, aikinsa suka duba, watau in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ba su tambayi makarantar da mai shi ya yi ba. Hadisai kuma sun yi izinin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona. Ashe ma'aunin da dattijon nan ya kawo a kasuwa, na a gwada a gani, yana da asali mai ƙarfi.

Satifiket kuwa, a ƙasar nan mun daɗe muna fama da cutar bauta masa. Mun ga mai takardar aikin gona wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, mun ga mai takardar kanikanci wanda sai yaron gareji ya nuna masa inda mai ke yoyo. Takarda shaida ce, darajar shaida kuma tana ga amincin wanda ya bayar da ita da abin da ya gani da idonsa. Idan abin da aka gani kawai shi ne ɗalibi ya biya kuɗi ya zauna a aji, to, wannan takardar rasit ce. Sau da yawa ma irin wannan kwas a kan karnukan Turai ake yinsa, masu cin abincin gwangwani da kwana a keji, alhali karen da za a tarar a Bakura ɗan ƙasa ne, mai cin tuwo da ƙanzo, mai jure zafin bazara.

Amma fa a nan ya kamata dattijo ya saurara, domin akwai iyakar da gwanintarsa ba ta ƙetarewa, ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu kuma ta hanyar kare suka kamu. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba, takan bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, lokacin da rauni ya warke an ma manta da shi. Da zarar alamu sun bayyana, watau tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Karen farauta kuwa ya fi kowane kare shiga haɗari, domin shi ke kokawa da dila da sauran namun daji da karnukan wasu garuruwa, sa'an nan ya komo ya kwanta a tsakar gida inda yara ke wasa.

Rigakafin wannan masifa ba sabon abu ba ne. Tun a 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurarsa. A nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta fara aiki a can tun 1924, ta daɗe tana haɗa allurar karnuka. Masana sun tabbatar in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan yanke. Wanda aka ciza kuma, abin yi shi ne a wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana 10. Nawa ne cikin gwanayen dawa suka san wannan? Har yanzu akwai masu ƙona gashin karen su shafa a rauni su ce an gama. Haka nan akwai masu horo da yunwa da duka don kare ya yi zafi, abin da ke haifar da dabbar da ba ta bambanta ɓarawo da baƙo. Wanda ya yi karatu na gaskiya ya san waɗannan abubuwa, kuma Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Ƙasashen da suka riga mu mai da wannan aiki sana'ar kuɗi sun yi irin gardamar nan. A Amurka, wata majalisa mai zaman kanta da aka kafa a 2001 tana ba masu horar da karnuka takardar shaida, amma ba ta barin mutum ya zauna jarrabawarta sai ya nuna ya yi aikin da hannunsa na awa 300. A Jamus kuwa, tun daga Agustan 2014 doka ta wajabta wa duk mai horar da karnukan jama'a don kuɗi ya nemi izinin hukuma, ya kuma gamsar da ita cewa ya san aikin. Duka biyun ba su yarda takarda ta tsaya ita kaɗai ba.

Mu ma muna da abin koyi a gida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta daɗe tana gwada kafintoci da magina da makanikai a bakin aikinsu, ta ba su shaida mataki-mataki. Me zai hana a yi haka ga masu horar da karnuka? Ga kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi a Bakura, ga likitocin dabbobi na jiha, ga sashen koyon likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ba nisa. Shawarata ita ce ƙananan hukumomin nan uku su haɗa kai da masarautunsu su kafa kwamitin gwaji, wanda likitan dabbobi da Sarkin Baka za su zauna a cikinsa kafaɗa da kafaɗa. A yi gwajin da Hausa, da baki, a fili. Mai neman shaida ya zo da karen da ya horar, a ga ya kira shi ya zo, ya tsawata masa ya tsaya, ya ratsa da shi cikin yara da awaki bai taɓa kowa ba. Sa'an nan likita ya tambaye shi alamun hauka, da lokacin allura, da abin da ake yi wa wanda aka ciza. Mafarauci ya yi mako ɗaya ko biyu yana koyon sashen lafiya, mai satifiket kuma ya yi rani guda a ƙarƙashin mafarauci. Kada a ba kowa shaida sai karnukansa suna da katin allura, a kuma riƙa sabunta ta kowace shekara, misali ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe don yaƙi da wannan ciwo.

Na san za a ce mafarauta za su guje, suna zaton sabuwar hanyar haraji ce, za a kuma ce ita ma wannan takardar gobe sayar da ita za a yi. Tsoron nan yana da dalili. Maganin na farko shi ne a yi gwajin da allurar kyauta, kira kuma ya fito daga bakin sarakunansu. Maganin na biyu shi ne a yi kome a bainar jama'a ranar kasuwa, domin ana iya sayen sa hannun ma'aikaci a ofis, amma ba a iya ba kare toshiya ya yi biyayya a gaban mutum ɗari.

Shi kuwa attajirin Bakalori, da zai nemi shawarata, sai in ce ya karɓi gwajin da dattijo ya kawo, amma da sharaɗin a fara kai 'yan kwikwiyon nan biyu wurin likita a yi musu allura, saurayin kuma ya bayyana wa dattijo dalilinta. Bayan wata shida ya ɗauki wanda karensa ya fi jin magana, ya sa ɗayan ya zama mataimakinsa. Allah ya kawo mana zaman lafiya a dazuzzukanmu da garuruwanmu, amin.